Kunyar Ɗan Fari da Nonon Hagu

Kwanan baya jikanyata ta zo mini daga Dogon Dutsi a bayan babur, da ɗanta na fari a goye. Tana sauka, tun ba ta gama gaishe da mutanen da ke ƙarƙashin rumfa ba, yaron ya callara kuka. Ba ta yi wata-wata ba ta kwance goyo, ta samu gefen tabarma ta zauna, ta ba shi nono a gaban kawunnanta maza, tana kiran sunansa gatsau, tana ja masa kumatu. Na duba hagu na duba dama, ba wanda ya ko ɗaga kai. Har na buɗe baki zan yi mata faɗan nan namu na tsofaffi, sai wani abu ya taso mini daga can nesa, na mayar da bakina na rufe. Ta ce, "Tsohuwa, mi kike kallo haka? Ba ki taɓa ganin yaro na cin abinci ba?" Na ce na gani, ci gaba da abinki. Tun ranar nake ta juya wannan labari a raina, kuma gara in faɗe shi tun bakina yana iya faɗa.

A ƙauyenmu, can bayan Matankari, ba mu da agogo ba mu da rediyo. Taɓarya ce ke tashinmu. Tun gari bai gama wayewa ba za ka ji gida ɗaya ya fara, na kusa ya amsa, kafin ka ankara duk gari ya ɗauki lugude, kuma kowace mace ana gane ta da sautin turminta. In wata ba ta daka ba, kafin hantsi an leƙa a ji ko lafiya. Daga nan sai rijiya, mai zurfin da sai mata uku sun haɗu a igiya ɗaya, tafin hannunmu duk ya yi kanta. Yanzu injin niƙa ya cinye wannan duka. Ba na cewa a koma, don bayana ya san abin da turmi ya yi masa, amma dai gari ya yi shiru irin wanda ban saba da shi ba, maƙwabciyarka sai ta kwana uku kwance ba ka sani ba. Zamanin Nasara ne. Kumandan yana zaune Dogon Dutsi, mu ba mu taɓa sa shi a ido ba, sai dai 'yan sandansa masu jar hula da muke kira gardi. A shekarar da na ɗauki cikin fari suka zo suka kwashi samari aikin hanya, har da maigidana. Da cikina ya tsufa aka mayar da ni gidanmu goyon ciki, kamar yadda ake yi wa duk mai haihuwar fari, shi kuwa a bakin matafiya ya ji cewa ya samu ɗa namiji.

Mutum uku ne manya a gidanmu. Akwai Baba, mai yawan shiru da yawan salla. Akwai Inna, wadda ni ce 'yarta ta fari, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunana ba. "Ke" take ce mini, in kuma tana magana da wani ta ce "waccan". Ba ta zama kusa da ni, ba ta tambayata ko na ci. Ban taɓa ɗaukar haka ƙiyayya ba, kowa ya san kunyar ɗan fari ce, kuma nakan tarar da ƙoƙon furata ya fi na ƙannena yawan nono. Sai Kaka, uwar Baba, 'yar guntuwar tsohuwa mai raunin ido da ƙarfin harshe. Ita ce ungozomar unguwarmu, rabin mutanen garin ita ta yanke musu cibi, saboda haka ba mai ja da ita, har mai gari. Baba yana sallarsa, ita kuwa tana da 'yar tukunyarta a bayan ɗaki da take zuba wa iskokin gidansu fura, kowa da nasa, ba mai taka wa wani.

A hannun Kaka na yi jego, cikin tsakiyar bazara. Safe da yamma a hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya, ruwa ya tafasa har yana tsalle, ta tsoma ganyen tsamiya ta riƙa fyaɗa mini a jiki ina ihu tana cewa in rufe mata baki, uwata ma ta sha. Ina fitowa a miƙo mini kunun kanwa da zafinsa. Duk wannan ban ji shi wahala ba, gata ne. Mai jego a lokacin sarauniya ce ta kwana arba'in, ba ta daka, ba ta zuwa rijiya, ba ta ɗaukar itace. Aiki ɗaya ne a kaina, in shayar da yaro, kuma shi ne na kasa.

Ku 'yan yanzu ba za ku gane ba. Mai haihuwar fari ba ta ɗaukar ɗanta a gaban mutane, ba ta kallonsa, ba ta yi masa murmushi. In ya yi kuka sai ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne, sai manya sun yi mata tsawa sun ɗora mata shi a cinya kafin ta juya baya ta ba shi nono. Haka kowa ke yi, amma da ma'auni. Ni ce na wuce gona da iri. Bayan suna, gwaggwannin maigidana biyu suka zauna mana kwanaki, ga 'yan barka ba sa yankewa daga safe har faɗuwar rana. Ranar farko da yaron ya yi kuka na yi kamar ban ji ba, sai na ji ɗaya daga cikin surukan nawa ta ce, "Kai, ɗiyar ga akwai kunya! An yi tarbiyya gidan ga." Wallahi maganar nan ta fi mini kunun kanwa daɗi. Yabo ya hau mini kai. Daga ranar na ƙudura sai an ba da labarin kunyata har garin surukaina. Yaro ya yi ta kuka ana jijjiga shi, ana ɗura masa ruwa, ni ina zaune na sunkuyar da kai ina jiran ɗaki ya yi sarari. In sun matsa mini, sai in ba shi na dama shaf-shaf, don shi ne ke wajen bango in na juya, na hagu kuwa sai ya wuni ba a taɓa shi ba.

Shi nono bai san kunya ba. Yaro na kuka yake kawo ruwa, ya jiƙa mini zane sharkaf, kowa na gani. Wannan ya dame ni, sai na yi dabara irin ta yarinya. Na samu wani tsohon majanyin saƙi na Inna, na ɗaure ƙirjina da shi tamau a ƙarƙashin zane, har numfashi na yi mini wuya. Ba na kwancewa sai lokacin wanka. Zuba ta ragu, na ji daɗi, na ce na yi wayo. Bayan 'yan kwanaki na ji wani ƙulli a nonon hagu, can wajen hammata, kamar ƙwallon goruba ƙarami. In na taɓa sai zafi. Washegari wurin ya yi tauri, ya ɗauki ɗumi, fatar tana ƙyalli. Wa zan gaya wa? Inna ba a magana da ita, Kaka kuwa in ta ji za ta kwance mini majanyi ta tona mini asiri gaban baƙi. Na ja bakina na yi gum. A wurin wanka sai in tare gefen da hannu in ba ta baya, idonta kuma ba ya taimakonta.

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kam a kaina aka yi wannan magana. Safiya ta uku na tashi da masassara, haƙorana na kaɗawa alhali gari kamar tanda. Kaka ta tsoma ganye ta fyaɗa, ya sauka daidai kan ƙullin. Ihun da na yi ba irin na kullum ba ne, har Baba ya yi gyaran murya daga zaure. Ta yar da ganyen ta lalubo wurin da hannu, ta daɗe tana taɓawa. Ta ce, "Tun yaushe?" Na ce yau ne. Ta ce, "Ƙarya kike." Ta tsaya tana tunani, can ta tambaye ni ko ina tsakar gida shekaranjiya da guguwar nan ta ratsa da tsakar rana. Na ce ina nan. Ta tafa hannu ta ce shi ke nan, doguwa ce ta bi ta kaina ta sha nonon, ta bar dafinta a ciki. Ni da na san doguwar da ta sha mini nono tana naɗe a ƙarƙashin tabarmata, ban ce uffan ba. Tsoro nake ji, kuma na ji sauƙi da laifin ya koma kan iska.

Sai aka yi gwaji. A lokacin in ana shakkar nonon mace, tatsa ake yi a ludayi a jefa tururuwa. In ta yi iyo ta fita, nono lafiyayye ne, in ta mutu a ciki, ya ɓaci. Kaka ta matse ni da ƙarfinta duka har na ga taurari, da ƙyar ta samu ɗan abin da ya rufe gindin ludayi, mai kauri, ya yi rawaya-rawaya. Ta sa aka kamo tururuwa a bakin rumbu ta jefa. Mata sun yi da'ira, surukaina a gaba. Tururuwar ta yi ta harba ƙafa, ta juya, ta sake juyawa, can ta daina motsi. Ɗakin ya ɗauki salati. Kaka ta yanke hukunci nan take: yaro ba zai ƙara shan nonona ba, ko na hagu ko na dama, don jini ɗaya ke ba su ruwa. A ba shi nonon akuya. Ni kuma a aika wa wanzami ya zo ya yi mini sakiya, wato a sa ƙarfe a wuta ya yi ja, a huda kumburin dafi ya fita. Baba ya yi ƙarfin hali ya ce ko a ɗora ni a jaki a kai ni wajen lokotoro, wato likitan Nasara, a Dogon Dutsi. Kaka ta ce, "Ka taɓa ganin wanda ya shiga gidan nan ya hito da jikinai cikakke? Kuma kai da ka kai ta, gardi su gan ka su tura ka hanya, wa za shi yi muna noma?" Ɗan aike ya dawo ya ce wanzami ya tafi wasu ƙauyuka, sai nan da kwana huɗu.

Kwana biyun da suka biyo baya ban taɓa ganin irinsu ba, kuma na ga abubuwa a duniya. Surukaina suka tattara suka tafi kai labari, ɗakin da nake ta fatan ya yi sarari ya yi sarari, amma yaro yana ɗakin Kaka. Nonon dama ma ya cika ya yi tauri, na hagu kuwa ko zane ya goge shi sai na yi ƙara. Kaka tana zuwa tana murza shi da man shanu da toka, murza irin ta mai kirɓa fura, kowace murza kumburin ƙaruwa yake. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ke cina shi ne kukan yaron ta bayan zana. Ranar farko da ƙarfi yake yi. Nonon akuya bai karɓe shi ba, yana sha yana amayarwa, cikinsa ya ɓare da zawo. Rana ta biyu kukan ya koma siriri, yana yi yana hutawa. Na ji wata maƙwabciya tana ce wa Inna a hankali maɗigarsa ta fara faɗawa. Kowace mace a garin ta san abin da ke biyo bayan wannan, mun sha ganin ana fita da 'yar tabarma a naɗe. A nan ne na gane ina son yaron nan son da ban san akwai irinsa ba, kuma ni da hannuna na jawo masa. Ko fuskarsa ban taɓa tsayawa na kalla da kyau ba. Na ce a raina, in ya tafi, da me zan tuna shi?

Akwai wata Bafillatana da ke kawo mana nono daga rugarsu kowace safiya, doguwa, siririya, ta manyanta, ƙwaryarta a ka kamar an dasa. Shekara da shekaru tana musayar nono da hatsi da Inna. A safiyar rana ta biyun nan ina kwance na ji muryarta a tsakar gida, na ji Inna tana auna mata gero. Sai Inna ta ce, da murya kamar tana zancen kaza, "Akwai wata kwance cikin ɗakin can. In ba ki sauri, leƙa ki gani." Iyakar abin da kunya ta bar ta ta faɗa ke nan, amma ni na ji rawar da muryarta ta yi.

Matar ta sunkuyo ta shigo, ta tsuguna, ta ce in buɗe. Ta ɗora bayan hannunta a wurin, ta bi shi da yatsu a hankali, ba matsa ba murza. Ta ce, "Bai yi ruwa ba tukuna. Ina ɗan?" Na ce an raba mu. Ta ce, "An raba ku? Wa ya raba ku?" Kafin in amsa Kaka ta shigo da sandarta, ta ce ita ce, kuma nonon ya ɓaci, tururuwa ta mutu a ciki gaban shaidu.

Bafillatanar ta gaishe ta da ladabi har ƙasa, sannan ta ce, "Inna tsohuwa, ni ban san doguwa ba, shanu na sani. Saniya in hantsarta ta kumbura ta yi zahi, ba mu raba ta da maraƙi. In munka raba su, hantsa ta lalace, maraƙi shi mutu, an yi hasara biyu. Maraƙin shi na maganin."

Kaka ta ce, "Jikata ce za ki haɗa da saniya?"

Ta ce, "Allah shi ba ki haƙuri. Amma nono ɗai na, hanya ce ta toshe. A ba ni ludayi."

Ta fita, muka ji tana buɗe ƙwarya. Ni ma na rarrafo bakin ƙofa. Ta ɗebo nononta mai kauri, wanda aka dama furar gidanmu da irinsa jiya da shekaranjiya, ta je bakin rumbu ta kamo tururuwa ta jefa, ta ajiye ludayin a gaban Kaka. Inna ta bar awo, maƙwabta biyu suka leƙo ta kan zana. Kaka ta duƙa har hancinta na kusan taɓa ludayin. Tururuwar ta harba ƙafa, ta juya, ta nutse. Matar ta ce, "To, ga shi. Ko dai doguwa ta bi ta kan shanuna duka, ko kuwa tururuwa ba ta iya iyo cikin abu mai kauri. Kuma ke kin sha hura da shi jiya, ga ki tsaye." Wata daga bayan zana ta tuntsire da dariya ta toshe baki. Gani ya kori ji, amma Kaka ba a kayar da ita a gaban mutane. Ta miƙe ta ce tururuwar ce mai rauni. Ta ce ita dai ba ta janye wanzami ba, jibi yana nan tafe, kuma abin da duk ya samu yaron kafin nan, ba ruwanta. Ta juya ta shige ɗakinta. Jim kaɗan sai ga Inna ta fito daga ɗakin da yaron a hannu, ta miƙa wa Bafillatanar ba tare da ta dube ni ba.

Abin da matar nan ta yi mini ba wani abin mamaki ba ne, shi ya sa har yau nake jin haushin kaina. Da ta ɗaga tabarma za ta gyara mini shimfiɗa ta ga majanyin, ta dube shi ta dube ni, ta ga shatarsa a jikina. Ta ce, "Ga doguwar taki." Ta cusa shi cikin ƙwaryar hatsinta, ba ta gaya wa kowa ba. Ta sa aka kawo ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe irin na Kaka ba, ta jiƙa tsumma ta ɗora mini. Ta riƙa shafa wurin sama-sama da tafin yatsu, ta ce nama ne mai rai, in an murje shi fushi yake ƙarawa. Ta tatsa kaɗan don kan nonon ya yi laushi yaro ya iya kamawa. Aka fara ba shi na dama saboda ƙarfinsa ya ƙare. Ya yi ta lalube, ya kama, ya saki, ya sake kamawa, sai na ji ya ja. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Da ya ɗan samu ƙarfi ta shimfiɗe shi a tabarma rigingine, ta ce in duƙa a kansa da gwiwa da hannu in sakar masa na hagu. Na ce haba, wannan ai abin kunya ne. Ta ce, "Ke, mu uku muke ɗakin ga, kuma ɗayanmu bai san kunya ba. Duƙa." Na duƙa. Ya kama ya yamutsa fuska ya saki, ta ce gishiri-gishiri yake ji, haka nonon kumburi yake, ba dafi ba ne, in sake ba shi. A karo na uku ya riƙe. Zafin da na ji har cikin ƙwaƙwalwa, na ciji gefen zane. A haka, ina duƙe a kansa ba inda zan kau da kai, na fara ganin fuskar ɗana sosai. Ashe yana da ɗan tabo baƙi a gefen kunne, ashe girarsa irin ta Baba ce.

Da ya saki, ta jiƙa wani tsumma da ruwan randa mai sanyi ta ɗora mini, ta ce in kwanta. Ta bar mini ka'ida: duk lokacin da ya nema in ba shi, ko gaban wa, kada in tsallake na hagu, kada in ƙara ɗaure ƙirji, in sha ruwa da kunu, kada in bari a murza. Ta kuma faɗi wata magana da na riƙe har yau. Ta ce in kwana biyu suka wuce masassara ba ta sauka ba, ko wurin ya yi ruwa yana motsi a ƙarƙashin yatsa, to ya wuce ita, a ɗora ni a jaki a kai ni wajen lokotoro ko tsohuwa ta so ko ta ƙi. Shi ya sa ni ban hana kowa zuwa gidan likita ba. Yanzu da yake kusa, ga babur ga magani, wadda ta ji ƙulli da masassara ta zauna tana ɓoyo, wautarta ta fi tawa.

Wunin ranar haka na yi ta yi, in duƙa in tashi. Inna tana ajiye ruwan ɗumi a bakin ƙofa ta wuce kamar mantawa ta yi da shi. Washegari da hantsi, matar ta dawo tana zaune tana kallo, ina duƙe yaro na ja, sai na ji wani abu ya motsa a ciki ya saki. Yaron ya ƙware ya yi tari, nono ya tsinke yana feso masa a fuska, har da wani ɗan zare-zare mai kauri da ya fito. Na taɓa wajen hammata, ƙwallon goruba ya koma kamar ƙwayar wake. Gumi ya karyo mini, na ji jikina ya yi sakayau. Matar ta yi dariya ta ce, "Hanya ta buɗe." Ta ɗauki ƙwaryarta ta ce shanu na jiranta. Kafin la'asar na cinye tuwo ƙwarya guda, zawon yaro ya tsaya, kukansa ya dawo da ƙarfi har na ji maƙwabciya na cewa wannan yaro zai hana unguwa sakat. Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Kaka ba ta leƙo ba duk kwanakin nan. Wanka ma wata ta wakilta. Ranar da wanzami ya ce kuwa, sai ga shi da hantsi a kan jakinsa, da zabirarsa a rataye. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ya sa a hura masa gawayi, ya fito da ƙarfensa ya jera. Baba ya zauna gefe, mata suka cika gidan, wasu don tausayi wasu don kallo. Aka fito da ni da yaro a hannu. Na ga ƙarfen nan a cikin wuta. Kaka ta zo ta tsuguna a gabana, ta zura hannu ta lalubi wurin. Ta laluba sama, ta laluba ƙasa, ta koma wajen hammata. Ta sa hannu a goshina. Sannan ta ɗora tafinta a tsakiyar kan yaron ta daɗe, tana jin maɗigarsa da ta ciko tana bugawa.

Wanzami ya ce, "Tsohuwa, ƙarhe ya yi ja. Ina wurin?"

Kaka ta ce, "Kashe wutarka. A dama mishi hura shi sha, ya yi tahiya."

Daidai nan yaron ya farka ya fara kuka yana juya kai yana nema. Gida cike, ga Baba, ga baƙon namiji, ga matan da suka yi ta yabon kunyata. Na ji duk idanu a kaina. Na sassauta zane na ba shi na hagu, a nan inda nake zaune, kuma ban kau da kai ba.

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "A'a! Ɗan hwari, gaban ubanta?"

Kaka ma ta ɗago ta ce, "Ke, ina kunyar taki?"

Ban taɓa mayar mata da magana ba tun da aka haife ni. Na ce, "Kaka, ita ce ta kusa kashe mini shi."

Na jira sanda. Kaka ta dube ni da idanun nan nata masu hazo, ta daɗe. Sai ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, ta kwance mayafinta, ta juya mini baya ta tsaya tsakanina da maza, ta ware shi da hannu biyu iyakar tsawon hannunta, wanda ba wani tsawo ba ne. Ta ce wa matan, "Mi kuke kallo? Ba ku da daka gidajenku?" Haka ta tsaya, hannuwanta na karkarwa, ba ta sauke ba har yaron ya ƙoshi ya saki don kansa, ya yi barci nono na gangarowa ta gefen bakinsa.